Asalin Kalma: Sangria

Sangria sunan wani abin sha ne na ƙasar Sifen, ana haɗa shi da giyar inabi da yankakkun 'ya'yan itatuwa. Tushen kalmar "sangre" ne, wato jini a Sifaniyanci, saboda jan launin giyar. Amma a yau sunan ya fi nuna yadda ake haɗin fiye da launinsa, shi ya sa a Amurka ake kiran wadda ake yi wa taro lokacin kaka, da tuffa da kirfa da farar giya, sangria. Wani zai ce wannan ɓata suna ne, tunda babu ja. Sai dai ma'ana tana bin bakin masu amfani da kalma. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 da ta keɓe sunan ga Sifen da Fotugal ta shafi kasuwanci ne kawai.