Wane ne baƙo a Arewa? Tarihin ƙidaya da iyakar da ta raba dangi

Duk lokacin da aka ce baƙi sun yi yawa a ƙasa, tambayar da nake yi ita ce: wa ya ƙirga su, kuma me ya tambaye su? Masu ƙidaya suna da tambayoyi biyu da mutane kan ɗauka ɗaya ce. Ta farko, ina aka haife ka? Ta biyu, kai ɗan wace ƙasa ne? A nan Arewa, a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, amsoshin nan biyu sukan sha bamban, kuma tarihi ne ya jawo haka.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ta bar babban yanki na Arewa a rabon Ingila. Faransa ta koka cewa ba ta da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka matsar da layin kudu. Da haka Dogon Dutsi da Matankari suka tabbata a hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi daji tana kafa alamun iyaka. Arawan Kangiwa, a jihar Kebbi ta yau, suka zama na Ingilishi, 'yan uwansu na wannan gefen suka zama na Faranshi. Babu wanda ya yi ƙaura, layi ne ya ratsa su.

Ƙidayar farko da kakanninmu suka sani ta lanho ce. Kumandan yana ƙirga kawuna don ya san abin da zai karɓa da waɗanda zai kai aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Shi ya sa maigida yakan ɓoye ɗansa, gida guda kuma yakan tsallaka Ingilishi har ƙura ta lafa. Daga nan muka gaji tsoron mai biro da takarda.

Dab da samun 'yancin kai, a 1959 zuwa 1960, an yi binciken yawan jama'a ta hanyar samfuri, wato a zaɓi wasu garuruwa a ƙirga, a kimanta sauran. Ƙidaya ta gida gida kuwa sau huɗu aka yi ta: a 1977 an samu kimanin mutum miliyan 5.1, a 1988 miliyan 7.2, a 2001 miliyan 11, a 2012 miliyan 17.1. Ta 2012 ce ta fara ƙirga Tibiri a matsayin gunduma, don a 2011 aka cire ta daga Dogon Dutsi. Tsakanin wata ƙidaya da wata, hukumar ƙididdiga ta INS da ke Yamai da binciken samfuri take dogara.

Yadda nake bayyana wa ɗalibaina samfuri shi ne: mai miya ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri, ludayi ɗaya ya isa, amma sai ta motsa. Matsalar ƙirga baƙi ita ce ba su motsu cikin tukunyar ba. Suna taruwa a bakin iyaka, a kasuwa, a zango. Idan gidajen da aka zaɓa ba su faɗa can ba, adadin ya yi ƙasa. Idan sun faɗa da yawa, ya kumbura. Ga shi jerin gidajen da ake zaɓa daga ciki na tsohuwar ƙidaya ne. Makiyayi, almajirin tsangaya da yaron shago mai kwana a rumfa suna iya kuɓucewa. Lokaci ma yana da tasiri: a watan Disamba aka yi ƙidayar 2012, bayan girbi, sa'ad da samari da dama sun tafi cin rani.

Mu dawo ga tambayoyin nan biyu. Mace 'yar Dumega da ta je goyon ciki gidan iyayenta a Bacaka ta haihu can, ɗanta haifaffen waje ne, amma ɗan Nijar ne ta wajen ubansa. Ɗan kasuwar da iyayensa suka zo daga Argungu, aka haife shi a Dogon Dutsi, haifaffen gida ne, amma yana iya riƙe takardun Najeriya. Tun 2014 kuma doka ta yarda ɗan Nijar ya riƙe ƙasa biyu. Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 ta sami mutum miliyan 10 haifaffun waje, amma miliyan 5.9 ne ke riƙe da fasfo na wata ƙasa. A Kodibuwa, ƙidayar 1998 ta ce kashi 26 cikin 100 baƙi ne, alhali kusan rabinsu can aka haife su. 'Yan siyasa suka riƙe adadin farko suka manta na biyu, kuma rigimar wane ne ɗan ƙasa tana cikin abin da ya kai ga yaƙin 2002.

Mutanenmu ma sun ɗanɗana. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta kora a 1983 da 1985, kuma 'yan Nijar na cikin waɗanda aka loda a motoci. Wanda ya ga haka, idan aka tambaye shi ɗan ina ne, amsar da za ta tsare shi zai bayar. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, maganar takardu ta ƙara nauyi.

Abin da ya shafe mu malamai da iyaye a fili yake. Da waɗannan alƙaluma ake raba azuzuwa, malamai da alluran rigakafi. Garin da ya ɓoye yaransa ko baƙinsa, shi zai ga aji ɗaya cike da yara har ƙofa. Yaron da aka haifa a hayin iyaka ba a yi masa takardar haihuwa ba, ranar jarrabawa ake gane matsalarsa, lokacin da gyara ya yi tsada.

Don haka iyaye su nemi takardar haihuwa tun yaro na goye, ko a wane gefe ya faɗo. In masu ƙidaya sun zo, a faɗi inda aka haifi kowa da takardar da yake riƙe da ita, don wannan ba ƙidayar kumandan ba ce. Mu malamai kuma mu koya wa yara, kafin su yarda da wani adadi na baƙi, su tambaya: haifaffun waje ake nufi ko 'yan wata ƙasa, ƙidaya ce ko samfuri, kuma a wane wata aka yi ta.