Me Ya Hana 'Ya'yan Nkrumah Gadon Mulki?

Gardamar ranar hutu ce ta tayar da maganar a majalisun shayi na Kotobabi da Nima a Accra. A 2019 gwamnatin Akufo-Addo ta mayar da ranar tunawa da waɗanda suka kafa Ghana zuwa 4 ga Agusta, don a haɗa da su J. B. Danquah. Masoyan Kwame Nkrumah suka ce 21 ga Satumba ce ranar, kuma ta mutum ɗaya ce. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ina zuriyar mutumin?

Tarihinsa a taƙaice: an haife shi a Nkroful a 1909, ɗan maƙerin zinariya, ya yi karatu a Achimota da Amurka, ya dawo gida a 1947. Ya kafa jam'iyyar CPP a 1949, ƙasa ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. A ƙarshen shekarar ya auri Fathia Rizk, Bamisiriya Kirista 'yar Kibɗawa, ma'aikaciyar banki, wadda Larabci da Faransanci take ji, shi kuwa ba ya jin ko ɗaya. Ta haifa masa Gamal da Samia da Sekou. Babban ɗansa Francis, likitan yara, uwarsa daban.

Wasu na cewa auren baƙuwa ne ya raba yaran da sarauta. Ban yarda ba. Matan kasuwar Accra sun rungumi Fathia har aka sa wa wani zanen kente sunanta. A ganina juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 ne ya yanke igiyar. Nkrumah na hanyar Hanoi sojoji suka ƙwace mulki, shugaban Masar Nasser ya aiko jirgi ya kwashe Fathia da yaran zuwa Alƙahira, aka haramta CPP. Uban ya zauna Konakiri wurin shugaba Sékou Touré har ya rasu a Bucharest a 1972.

Don kwatanci, a dubi Bangladesh. An kashe shugaban ƙasar Sheikh Mujibur Rahman da mafi yawan iyalinsa a 1975, masifar da ta fi ta Ghana muni nesa ba kusa ba. Amma jam'iyyarsa Awami League ta rayu, 'yarsa Hasina ta dawo a 1981 ta tarar da kujera tana jiranta, ta kuma yi mulkin kusan shekara 20 kafin a kore ta a 2024.

Samia kuwa kango ta tarar. Ta ci kujerar majalisa ta Jomoro a 2008, ta shugabanci CPP a 2011, ta faɗi zaɓe a 2012. Kafin ta iso, Rawlings da jam'iyyarsa NDC sun riga sun kwashe talakawan da ubanta ya tara, har da na zango. Mu dai 'yan zango ba mu da bakin yi wa kowa gori: gwamnatin Nkrumah ce ta kori Alhaji Amadu Baba na zangon Kumasi zuwa Najeriya a 1957, amma korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta sa dattawanmu suka yafe wa Nkrumah, ƙuri'unsu kuma suka tafi NDC, ba jam'iyyar 'yarsa ba.