Allura da Yatsa: Wani Ɓangare na Tarihin Ɗinkin Hannu a Gabashin Kano

Masu nazarin tufafin Hausawa sun yi rubutu mai yawa a kan aska takwas da tambari da sauran adon babbar riga, amma ba safai suke waiwayar yatsan da ya yi aikin ba. Alhali kuwa babu rigar da ta kammala ba tare da allura ta sha jinin maɗinki ba. Wannan 'yar suka, duk ƙanƙantarta, tana nuna wanda ya ɗauki wahalar sana'ar a kowane zamani.

Ƙasar Gaya, wadda Toranke ta Ajingi take cikin yankinta, daɗaɗɗiyar ƙasar maƙera ce. Labarin baka ya ce a Gaya aka ƙera wa Bayajida makaminsa, kuma daga can Abagayawa suka tafi Dala neman tama. Maƙeri yana iya fitar da basilla, wadda dukawa da masu ɗinkin buhu suke aiki da ita, amma siririyar allurar ado kayan fatauci ce. Sunanta ma daga Larabci aka aro shi. Sa'ad da Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa allura cikin kayan Turai da ake ƙetarowa da su Sahara, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ashe babbar sana'ar ƙasar tana da buƙata ga ɗan ƙarfen da ya yi tafiyar watanni a bayan raƙumi. Abin da ya zo daga nesa haka ba a yar da shi don ya dakushe ko ya yi tsatsa. Wasa shi ake yi a ci gaba da aiki, ga shi kuwa dakusasshiyar allura ita ta fi zamewa ta shiga nama, domin sai an tura ta da ƙarfi.

A ƙarni na 19 ɗinkin ado aikin maza ne, galibi malamai da manyan almajirai, kamar yadda binciken David Heathcote a Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna a shekarun 1970. A karkara, da rani ake zama masa, bayan an kai amfanin gona rumbu. Saƙi yana da kauri, zaren tsamiya yana da kaushi, riga guda kuma takan ci watanni. Sabon shiga yakan sha suka har kan yatsansa ya yi kanta, kantar nan kuwa ita ce garkuwarsa kuma shaidar daɗewarsa a sana'a.

Abin lura shi ne, maɗinki ya fi jin tsoro saboda rigar a kan yatsansa. Yadin ba nasa ba ne, na mai aiki ne, kuma ɗigon jini a kan farin zare yana iya rage lada. Don haka da zarar ta soke shi sai ya janye hannu ya sa a baki. Malamin da yake ɗinki ya san fiƙihun Malikiyya ya yi rangwame ga jinin da bai kai faɗin dirhami ba, ana iya salla da rigar. Mai saye a kasuwar Kurmi kuwa bai san wannan rangwame ba.

Wani lokaci allura takan tono garma. Idan sukar ta shiga kusa da farce ta ɗauki ruwa, sai ta zama karkare: yatsa ya kumbura, zogi ya hana barci. Kafin magungunan kashe ƙwayoyin cuta su yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai a gasa da ruwan zafi, ko a kai wa wanzami ya tsaga. Wanda abin ya yi wa tsanani yakan rasa farce, ko gaɓar ta sandare, shi ke nan ranin wannan shekara ya tafi a banza.

A ƙarni na 20 allura ta yi araha, keken ɗinki ya karɓe yawancin aikin riga. Ɗinkin hannu bai mutu ba, wurin zama ya sauya. Daga wajen shekarun 1970 mata a cikin kulle suka shiga ɗinkin hula sosai, a birnin Zariya ma har suka kama adon babbar riga. Dillali ko mai zane yakan raba aiki gida-gida, ya biya a kan kowace hula, ba a kan kwanakin da ta ci ba. Kenan ranar da yatsa ya kumbura, asarar ta mai ɗinki ce ita kaɗai. Matar da take ɗinki da dare, bayan ta gama daka da girki, da hannun da ruwa ya tausasa, ba ta samun kantar da malamin zaure yake samu.