Me ya sa ba mu cika ganin malamai 'yan Arewa a jami'o'in Kudu ba?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, ku duba jerin sunayen malaman sashenku. 'Yan gida nawa ne? A wurare da yawa ko ɗaya babu. Kuma an taɓa gwada gyara abin, daga sama.

A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi musayar shugabannin jami'o'i tsakanin yankuna. Farfesa Umaru Shehu, ɗan Borno, ya zama shugaban Jami'ar Nsukka. Farfesa Adamu Baikie ya tafi Benin. Farfesa Akinkugbe kuma aka kai shi ABU Zariya. Niyyar mai kyau ce, a haɗa kan ƙasa bayan yaƙin basasa. Amma shugaba baƙo ne, wa'adinsa na cika zai tattara ya koma. Umaru Shehu wajen shekara biyu ya yi.

Yanzu ku kwatanta da Abdullahi Smith. Baturen Ingila ne, ya koyar da tarihi a Ibadan, a 1962 ya koma Zariya ya kafa sashen tarihi na ABU, daga baya ya musulunta. Lokacin masu digiri a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Me ya yi? Ya riƙa jawo matasa a jiki, ya zauna da su kan rubutunsu, ya tura su neman tsofaffin takardun Larabci da hira da dattawa, har su kammala digirin digirgir su zama malamai. Daga hannunsa irin su Yusufu Bala Usman da Sa'ad Abubakar suka fito, su ma suka yaye nasu. A 1970 ya kafa Arewa House a Kaduna, wadda har yau ake zuwa bincike.

To a nan gizo ke saƙar. Kason jihohin da aka bari a baya wajen ilimi, kashi 20 cikin 100 na gurabe, yana iya shigar da kai aji. Ba zai nuna maka mujallar da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma ba, ko ya rubuta maka takardar shaida, ko ya ambaci sunanka ranar da sashe zai ɗauki ƙananan malamai. Wannan sai babban malamin da ya san aikinka.

Mu kuwa, a gaskiya, yawancinmu daga aji sai masallaci sai Sabo cin tuwo. Ana taron gabatar da maƙala a sashe ba ka ganinmu, ana gama mastas mun hau mota. Farfesan da zai riƙe maka hannu ba dole sai Bahaushe ba, Smith ma ai ba a Katsina aka haife shi ba.