Jinyar Ajali a Kan Iyaka: Tarihin Masu Jinya da Madogararsu a Ƙasar Jibiya

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin magani a ƙasar Hausa sun fi karkata ga mai ba da magani, watau boka da wanzami da maɗori da malami da likita. Ayyukan Murray Last a Malumfashi, da na Lewis Wall, da na Isma'il Abdalla, duk sun haskaka mana wannan fage. Amma akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, shi ne wanda yake zaune a gefen tabarma bayan magani ya gaza: mai juya marar lafiya, mai dama masa kunu, mai wanke masa tufafi, mai kwana ido biyu. A wannan takarda za mu bi tarihin wannan mutum da abubuwan da ya dogara da su, kuma mun zaɓi Jibiya domin gari ne da iyakar ƙasa ta ratsa zumuncinsa, sa'an nan duk abin da ya taɓa iyakar yakan iso har ɗakin jinya.

Ko harshen kansa ya nuna mana wani abu. Idan aka ce wance tana jinya, mai sauraro sai ya tambaya: ita ce ba ta da lafiya, ko wani take dubawa? Kalma ɗaya ta haɗe mai ciwo da mai kula da shi, kuma a ganinmu Bahaushe bai yi kuskure ba a nan.

Kafin a shata iyaka

Jibiya tana kimanin kilomita 45 daga birnin Katsina, a kan hanyar Maraɗi, kusan tsakiyar garuruwan biyu. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Daga nan aka sami Katsina biyu masu gaba da juna, dajin da ke tsakaninsu ya zama fagen hare-hare har ƙarshen ƙarnin. Sai dai gabar sarakuna ba ta raba dangin talakawa ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo suka ja layi bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ayarin Tilho da O'Shee kuma ya bi ƙasa yana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Aka wayi gari uwa tana ƙasar Ingilishi, 'yarta da aka aurar tana ƙasar Faransi.

Wannan batu na aure shi ne jigon maganarmu. A gidan gandu na da, jinya aikin mata ne, kuma akwai jerin waɗanda take hawa kansu. Idan maigida ne ya kwanta, matansa ne, musamman uwargida. Idan tsohuwa ce, 'yarta ce, ko da tana aure a wani gari, domin akwai abubuwan da kunya ba ta barin ɗa namiji ya yi wa mahaifiyarsa, suruka kuwa tsakaninta da uwar miji akwai nauyi. Shi ya sa ake cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mace da ciwo ya tsananta mata a gidan miji sau da yawa akan mai da ita gidan iyayenta. Ke nan jinya tafiya ce: ko dai mai jinya ta taso, ko a ɗauki majinyaci a kai mata. Maza kuwa nasu shi ne hatsi daga rumbun gandu, da neman magani, da noma gonar wanda ya kwanta ta hanyar gayya.

Abin da ya rage sai unguwa ta cike. Dubiya ba a zuwa ta hannu rabbana. Akan riƙo fura ko goro ko 'yan kuɗi. Ƙawa da aka ƙulla biki da ita tana da haƙƙin kawo gudummawa. Malamin unguwa yana yin tofi da rubutun sha, idan kuma aka ga alamar ajali shi ake kira. A nan addini ya tsara komai dalla-dalla, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban zaure suke karantawa, tana da babi a kan abin da ake yi wa wanda ke gargara: a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada, a rufe masa ido idan ya cika. Daga nan sai wanka da likkafani da salla da binnewa, galibi a yinin. Abin lura shi ne, sa'o'in ƙarshe suna da ƙa'ida rubutacciya, amma watannin da suka gabace su an bar wa zumunci da halin kirki.

Ba za mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Tsarin yana aiki ne muddin akwai hatsi a rumbu. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Kaita, ya nuna a littafinsa na 1983 yadda yunwa irin ta 1913 zuwa 1914 take wargaza gandu da taimakon juna. Idan gida ya watse neman abinci, wanda ba ya iya tafiya shi ake fara rasawa. Haka kuma baƙo, da tsohuwar da ba ta haihu ba, da kuturu, da mahaukaci, ba su da wannan jerin mata a bayansu, sai gidan mai gari ko zauren malami ko bara.

Zuwan asibiti

A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, En'e ta Katsina ta gina asibiti a birni, aka soma buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi. Wurin da ya fi kusa da abin da za a kira gidan jinya mai tsawo shi ne na kutare. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi riƙon Babbar Ruga kusa da Katsina, a 1956 kuma ta buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Ta haka mutumin Jibiya ya sami kansa tsakanin wurare biyu iri ɗaya, ɗaya a kowane ɓangare. Abin mamaki, duka biyun daga baya sun zama matattarar mata masu yoyon fitsari: Babbar Ruga tun daga aikin Dakta Kees Waaldijk a 1984, Danja kuma daga 2012.

Amma asibiti bai sauke wa mai jinya kayanta ba, ƙaura kawai ya yi da ita. Duk wanda ya taɓa kwantar da nasa ya san ba a karɓar majinyaci sai da mai zama da shi. Ita ce mai dafa abinci a murhun da ke bayan ɗakin, ita ce mai wanki, ita ce mai zuwa kamis da takardar magani, ita ce mai kwana a baranda bisa tabarma. Ma'aikatan jinya na albashi suna yin allura da rubutu, sauran aikin duka nata ne, kuma babu littafin asibiti da ya rubuta sunanta. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 a Nijeriya, da shirin Bamako na 1987 wanda ya shigo da biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci, da karya darajar sefa a Janairun 1994, sai aka ɗora mata wani aikin, watau lissafin akuyar da za a sayar a kasuwar Lahadi. Har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun iyali yake fitowa.

A nan ne aka sami wata magana da ta zama ƙa'ida ba tare da an rubuta ta ba: a mai da shi gida. Idan likita ya faɗe ta, ko dangi suka faɗa wa kansu saboda kuɗi sun ƙare, kowa ya san ma'anarta. Mu ba ma ganin laifin komawa gida, domin yawancin mutanenmu sun fi son su cika a ɗakinsu, kusa da masu laƙƙana musu shahada. Laifin shi ne ana sallamar mai ciwon daji ko ciwon ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki ba tare da an bi shi da komai ba, babu mai koya wa 'yarsa yadda ake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, babu maganin da zai kwantar masa da azaba.

Ƙungiyoyi

Wasu ƙasashe sun yi wa wannan giɓi suna, suka gina masa hukuma. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967. A Afirka an fara a Zimbabuwe a 1979, sa'an nan Anne Merriman ta kafa irinsa a Yuganda a 1993, inda ta nuna cewa ruwan morfin mai araha, wanda ake sha da baki, yana iya isa har ƙauye a hannun ma'aikaciyar jinya mai ziyara gida-gida. A Nijeriya aikin ya kankama ne a asibitin koyarwa na Ibadan ta hannun Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, aka kuma kafa ƙungiyar ƙasa ta masu wannan fanni a 2007. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da cewa sassauta wa marar lafiya azaba wani ɓangare ne na kiwon lafiya tun daga matakin farko. Sai dai wannan ilimi ya tsaya a manyan asibitoci, kuma mafi kusa da Jibiya cikinsu shi ne asibitin tarayya na Katsina, wanda aka ɗaga zuwa na koyarwa a 2022. Wani abin takaici, iyakar da tiramadol yake ƙetarawa a ɓoye ya lalata samari, ita ce kuma tsoron miyagun ƙwayoyi ya sa morfin na halal yake wuyar isa ga dattijon da yake nishi a ɗakinsa.

Namu ƙungiyoyin kuwa ta wata hanya suka ɓullo. Jama'atu Nasril Islam ta kafu a 1962, Fityanul Islam a 1963, Izala a 1978, kuma kowace tana da rundunar 'yan agaji. Su ne ake gani wajen ɗaukar makara, da gyaran maƙabarta, da kai wanda ya yi haɗari asibiti, da binne gawar da ba a san danginta ba. Wannan aiki ne babba, ba mu raina shi. Amma mu lura da inda ƙarfinsa yake: maza ne cikin kaki, a bainar jama'a, kuma galibi bayan rai ya fita. Muhawarar da aka sha yi tun shekarun 1980 a kan sadakar uku da bakwai da arba'in ita ma a kan bayan mutuwa take. Ba mu ji an ta da jijiyar wuya irin haka a kan haƙƙin matar da ta shafe wata takwas ba ta yi sana'arta ba, wadda adashinta ya karye, wadda kuma idan mijin ne ya rasu za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma da hannu wofi. Asusun zakka da waƙafi, da makarantun Islamiyya na matan aure, su ne suka fi dacewa da wannan gurbi, tunda matan suna da izinin shiga ɗakin da ɗan agaji ba zai shiga ba.

Rufe iyaka da gudun hijira

An rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufe ta a Agustan 2019. Ko da aka buɗe wasu mashigai a Disamban 2020, ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka kuma garƙame ta, har zuwa Maris na 2024. Masu sharhi sukan auna waɗannan lokuta da buhunan shinkafa da litocin mai. Mu kuwa muna tuna 'yar da ke aure a Ɗan Isa ko Madarumfa, wadda tafiyar da ba ta kai ta rabin yini ba ta koma ta hanyar daji bisa babur, da kuɗi ninki, da fargaba. A 2021 aka ƙara da katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomi na wasu watanni saboda 'yan bindiga, ya zamana ko saƙon cewa jiki ya tsananta ba ya isa.

Hare-haren sun yi wa tsarin illar da yunwar da ta yi masa, watau sun raba majinyaci da masu jinyarsa. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi. A Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin Jibiya, aka tsugunar da su a wata makarantar 'yan mata. A irin wannan gudu matasa suna goya yara, tsohon da ba ya iya miƙewa kuwa sai wanda Allah ya sa aka sami amalanke. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta daɗe tana aiki a Madarumfa, ta lura da yawan uwayen da ke ƙetarowa daga Nijeriya da yara masu tamowa, ta buɗe aiki a Jibiya da Katsina a 2021. Agajin waje ya fi fuskantar yara da masu juna biyu, kuma da hujjarsa. Tsohuwar da aka kwantar a kusurwar aji, da jikarta 'yar shekara 12 da aka cire daga makaranta don ta zauna da ita, ba su cikin jadawalin kowa.