Kafancan da Madakiya: Tarihi, Yanayi da Yawan Jama'a a Idon Mai Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

Kafancan ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna. Madakiya kuwa ƙaramin gari ne na Bajju da ke arewa da ita, a cikin ƙaramar hukumar Zangon Katab. Manufar wannan muƙala ita ce nuna yadda tarihi da yanayin ƙasa suka tara jama'a masu harsuna daban-daban a wannan yanki, har Hausa ta zamo harshen da ya haɗa su.

2.0 Tarihi

Zaman ɗan Adam a yankin daɗaɗɗe ne ƙwarai, domin a 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na gasasshen yumɓu daga wurin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, wanda ya taimaka wajen gano al'adar Nok. Mutanen Fantswam su ne 'yan asalin wurin, kuma sunansu ne bakin Bahaushe ya mayar Kafancan.

A wajen 1810 Fulani suka kafa masarautar Jama'a a ƙarƙashin Zazzau. Amma abin da ya mayar da Kafancan gari shi ne jirgin ƙasa. A 1927 ta zamo mararraba inda layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos. Nan da nan ma'aikatan reluwe da fatake suka kwararo, Ibo da Yarabawa da Hausawa. A 1933 aka mayar da fadar Sarkin Jama'a zuwa Kafancan. Zaman bai rasa tsamin dangantaka ba, kamar yadda rikicin Maris 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ta garin, ya nuna.

3.0 Yanayi

Damina a nan takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, wato ta fi ta Kano tsawo nesa ba kusa ba. Duwatsun Kagoro suna daga gabas, ruwa kuma yana gangarowa ta wurare irin su magangarar Matsirga da ke kusa da Madakiya. Hunturu kan busa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan ni'ima ita ke ba da citta da acca da doya da dauro, ita kuma ke janyo Fulani makiyaya. Cinikin citta da na shanu duk da Hausa ake ƙulla su.

4.0 Yawan Jama'a da Harsuna

Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Jama'a sun haura 270,000, na Zangon Katab kuwa sun haura 300,000. Sai dai ƙidayar ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, don haka ba ta bayyana masu magana da kowane harshe. Tilas mai nazari ya koma ga wasu shaidu, kuma sunaye suna daga cikin mafi ƙarfinsu. Kusan kowace al'umma a nan suna biyu gare ta, na gida da na Hausa: Bajju da Kaje, Atyap da Katab, Ham da Jaba, Agworok da Kagoro. Kalmar Madakiya ma a fili take ƙirar Hausa ce daga sarautar Madaki. Ban da kasuwa da fada, majami'u sun ƙara kafa Hausa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa sarauta da reluwe da kasuwa da majami'a ne suka shimfiɗa wa Hausa tabarma a Kafancan da kewayenta. Al'ummomin yankin sun fi son a kira su da sunayensu na gida, alhali yara da yawa a gari da Hausa suke tashi. Wajibi ne masana su taskace harsunan Jju da Tyap da Fantswam daga bakin dattawa, su kuma nazarci Hausar yankin a matsayin karin harshe mai cin gashin kansa.