Hawan keke a hanyar burji

Hawan keke a hanyar burji wasan motsa jiki ne da ake yi a hanyoyin tsakuwa da burtalin karkara, nesa da motoci. Kekensa yana da tayoyi masu faɗi, kimanin milimita 35 zuwa 50. Wasan ya bunƙasa a Amurka, inda aka fara tseren mil 200 a Emporia ta jihar Kansas a 2006, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta gudanar da gasar duniya ta farko ta wannan wasa a Italiya ranakun 8 da 9 ga Oktoba, 2022.

A ƙauyukan masarautar Daura kuwa, kamar na Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, keke abin sufuri ne zuwa gona da kasuwa. Inda rairayi ya yi yawa, mahayi kan sauka ya tura.